Safiya Uku da Shanun Baffa

Shekarata huɗu ina ɗaukar bidiyon biki da suna a Potiskum kafin shanu su nuna min ban iya ba. Aikin biki ba shi da wuya. Amarya a zaune take, ango ya sandare, dangi kuwa da sun ga kyamara sai su jeru su ƙame. Har na fara jin kaina wani gwani.

Sai Baffa ya aika a kira ni. Ƙanen mahaifin matata ne, makiyayi tun tasowarsa, rugarsa na can bayan Danchuwa. A shekarar ciwon gwiwa ya ci ƙarfinsa, 'ya'yansa suka matsa masa ya dawo gari ya zauna a Ngojin, babban ɗansa ya wuce kudu da garken ta hanyar Gadaka. Ranar Alhamis za su tashi, ni kuma ranar Litinin na same shi.

"Mai hoto," ya ce, don bai taɓa kiran sunana ba, "so nake ka kama min su suna zuwa. In yi kira, su taho. Kowace in gane ta."

Al'adarsa ce kullum da safe, bayan an gama tatsa, ya ɗauki ƙwaryar dusa da kanwa ya yi nisa, ya saki wani dogon kira. Garken duka sai ya ɗago kai ya kwaso a guje. Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne, in sha Allahu gobe an gama.

Talata na isa rana ba ta fito ba, ga hadari ya rufe gabas. Na bar kyamara ta zaɓar wa kanta komai yadda na saba. Baffa ya yi kira, ƙasa ta ɗauki rugugi, ni kuma ina ta murmushi. Muka zauna a bakin bukka na kunna masa a laftof. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan farin hayaƙin fa?"

"Shanunka ne, Baffa."

"Nawa suna da ƙafa."

Gaskiyarsa. Komai ya yi dishi-dishi, ƙaho ya narke cikin tozo, ba ka bambance saniya da bijimi. Na ce to a sake yanzu. Dariya ya yi har da riƙe gwiwa. "Amarya ake ce wa ta sake, ba nagge ba." Ashe sau ɗaya suke wannan gudu a rana. Da sun lashi kanwarsu, ko ka kira har maƙogwaro ya bushe kallonka kawai za su yi.

A hanyar gida na zagi kyamarar tas, sannan na yarda laifina ne. Idan haske ya yi kaɗan, shata, wato ƙiftawar idon kyamara, jinkiri take yi don ta tara haske. Kafin ta ƙifta, saniya ta riga ta yi taku biyu.

Laraba na roƙi a jinkirta har rana ta ɗaga. Matan ruga ba su ji daɗi ba, maruƙa suna ta kuka, wata tsohuwa ta tambaya da Fulatanci ko yanzu shanu ma sai sun jira ɗan birni ya karya. Na yi kamar ban ji ba. Na sa shata ta yi sauri, na ƙara yawan hotunan da kyamara ke ɗauka, na bi garken da ita daga hagu zuwa dama ina jin yau kam na burge.

Hoto ya fito tar, har gashin wutsiya ana gani. Amma gudun yana cijewa. Saniya ta ɗaga ƙafa ta tsaya cak, sai kuma ka gan ta a gaba. Wannan karon Baffa bai yi dariya ba.

"Ka gurgunta min shanu. Wanda ya ga wannan cewa zai yi ciwon kofato ya shiga garkena ban kula ba. Goge shi."

Na goge a gabansa. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni, don safiya ɗaya ta rage.

Da rana na je wurin wani abokin sana'a. Ya zare katin memorina ya juya shi, ya ce a tasha na saya ko? Na ce e. Ya ce katin ba ya iya haɗiye hoto da saurin da nake ɗura masa, shi ya sa yake zubar da wasu, ga shi kuma na yi ta wulwula kyamara kamar mai korar kaji. Ya ara min nasa. Na tsaya bakin titi ina ɗaukar keke-napep har direbobi suka fara ɗago min hannu. Ba dishi-dishi, ba cijewa.

Alhamis na je da ƙafar kyamara, na kafa ta daidai bayan kafaɗar Baffa. Shanu ba sa son baƙon abu a tsaye, sai ya cire tsohon mayafinsa ya lulluɓe mu ni da ita. Na yi wa kaina alkawarin ba zan motsa ba, su za su zo. Ya yi kira, suka taho, na riƙe numfashi har wata jar saniya mai farin goshi ta cusa baki a ƙwarya. Ba mu tsaya kallon bidiyon ba, don kayan masu tafiya na kan jakuna. Kafin hantsi ya yi zafi garken ya miƙa, Baffa na tsaye da sandarsa yana bin sa da kallo.

Bayan mako guda na kai masa a Ngojin, ɗakin siminti mai sabon fenti da talabijin a bango. Na kunna. Kowace ta fito da kamanninta, yana nuna su da yatsa yana faɗin wadda ta haifi wadda. Ni dai sai hura hanci nake.

Da ya ƙare ya ce, "Mayar farko. Kashe muryar."

"Ba ta fita da kyau ba ne, Baffa?"

"Kashe dai."

Na kashe, na mayar farko. Shanu na tsaye can nesa, kawunansu a ƙasa. Baffa ya gyara zama a kan tabarma, ya kafa hannu a gefen baki, ya saki kiran nan da ƙarfinsa duka a cikin ɗakin. Suka ɗago kai, suka taho.

Tausayinsa ya kama ni har na kasa dubansa. Ya ce in sake mayarwa, na mayar.