Ranar da Kwamfuta ta Saci Hannuna

An saci kiɗana, kuma wanda ya sata ɗan aminiyata ne. Wannan abu ba zan manta da shi ba har ƙasa ta rufe idona.

Kiɗan ƙwarya nake yi a bukukuwan mata a Gashua. Ina da wani bugu nawa ni kaɗai: in namiji zai shigo gidan biki, sai in katse kiɗa, in ƙwanƙwasa zobena a gefen ƙwarya. Duk matar garinmu ta san ma'anarsa, a jawo mayafi.

Shekarun da situdiyon ɗaukar waƙa suka fara shigo mana, ɗan aminiyar tawa ya buɗe nasa. Ya dame ni da naci har na je. Ya kafa min makirfo a bakin ƙwarya, ya ce, "Gwaggo, akwai ganga a cikin kwamfutar nan. Bugunki zai shiga ta wannan waya, ya bi ta cikin gangar, ya fito da wata murya."

Na ce, "In ya fito, na wa ne?"

Ya yi dariya. "Gwaji ne kawai, yanzu zan goge."

Dariyar ba ta kwanta min ba, amma na buga. Abin da ya fito ta lasifika wani ƙaton sauti ne mai rugugi, ko kusa bai yi kama da ƙwarya ba. Ina cikin bugu wani mutum ya turo ƙofa, hannuna ya yi abin da ya saba. Da muka gama ya danna wani abu ya ce ya goge. Na zura wa allon ido. Lokacin ban shiga makarantar manya ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane ba.

Sai gayyata ta fara ja baya. Kowa na tambaya sai ta ce ai faifai suke sawa yanzu. Zuciyata tana gaya min wani abu, amma ba ni da shaida.

Shaidar ta same ni a Nguru, wajen bikin 'yar ƙanina. Aka sa wata sabuwar waƙa, mata suka cika fili. Can tsakiya gangar ta katse, ta yi ƙwas-ƙwas. Matan Gashua gaba ɗaya suka rarumi mayafi suna kallon ƙofa. Babu kowa. Matan Nguru suka tsaya suna kallonsu.

Wata tsohuwa ta juyo ta dube ni, ga ni zaune hannuwana a cinya. Ta ce, "To ke da me kika buga?"

A nan na koyi darasina: kada in sake miƙa hannuna cikin abin da idona bai iya bi ba, ko da ɗan gida ne ke riƙe da shi.

Washegari da safe na hau motar Gashua, ban biya gida ba. Na shiga situdiyon ɗan aminiyar tawa, na jawo kujerarsa gaban kwamfuta na zauna. Na ce, "Matsa. Nuna min inda bugun nawa ya shiga da inda ka ɓoye shi. Ba na tashi sai na iya fito da shi da kaina."