Yoyon Da Muka Rufe Da Zani A Rubaɗin Madina

Edita, ina yi maka sallama kai da masu karatunka. A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in ni bazawara ce mai sauran ƙuruciya da kaifin baki, zaune a Madina. Mijina na bi da ya samu karatu a jami'ar Musulunci, muna tsaka da zamanmu Allah ya karɓi abinsa, ya bar ni ba ɗa ba jika. Dangi suka yi ta aike in dawo gida, na ƙi, don a ganina wanda Allah ya ajiye a maƙwabtan Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya ɗaure kayansa da hannunsa ya tafi ya yi babbar asara. Ina wankau da guga ina cin abinci. Wasu dattawan takaru, wato 'yan ƙasarmu da suka daɗe a can, suka yi mini hanya na samu ɗaki a rubaɗi.

Rubaɗi gidan wakafi ne, ana zaunar da marasa galihu kyauta. Namu na mata ne, tsohon gini na baƙin dutse da ƙasa, rufin azarar dabino, a wani lungu da kana jiyo kiran sallar Harami kamar a tsakar gida. Wani bawan Allah ne ya bar shi tun kafin a haife mu, ya ce hayar shagunan da ke ƙasa a riƙa gyaran gidan da ita. Mai kula da wakafin, wanda ake kira naziri, jikansa ne. Jinin Hausa ne shi ma, amma haihuwar can, ka yi masa Hausa ya ji ka sarai ya mayar maka da Larabci. Yana zaune a sabon gidansa a Bani Harisa, yana da gonar dabino a Awali. Ba ma ganin ƙeyarsa sai aikin Hajji ya ƙarato, lokacin zai zo ya kwashe matan saman bene ya cusa su a ɗakunanmu, ya ba alhazai haya.

Ɗakin da ke jikin nawa na wata tsohuwa ne da duk gidan ke kira Inna. Da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa tana amarya, ta ratsa Chadi da Sudan, ta binne miji da 'ya'ya a hanya da bayan isowa. Jika ɗaya ya rage mata, yana aikin matatar mai a Yanbu. Ya yi juyin duniya ta koma wurinsa ta huta, ta ce ko bakin ƙofar garin ba za ta taka ba. Burin Inna ɗaya ne a duniya, kuma kowa ya sani: ta mutu a Madina, a yi mata salla a Harami, a kai ta maƙabartar Baƙi'a. Ko Makka aka ce ta je umra sai ta ce a'a, kada Mala'ika ya zo bai same ta a gida ba. Ina tsokanarta ina cewa ta cika son banza, ita kuma tana kirana Uwar Masifa. Ita ta riƙe ni lokacin da nake takaba ba ni da kowa.

Wata shekara naziri ya ga alhazai suna kukan ruwa, sai ya sa aka ɗora ƙaton tankin ƙarfe a kan ɗakin Inna, don ɗakinta a gefe yake, babu bene a kansa. Alhazai suka watse, tanki ya zauna yana ɗiga. Da farko ɗan danshi ne a kusurwa. Daga nan ƙasa ta fara zubowa a kwanon abincinta, azara ta yi baƙi, ɗakin ya ɗauki warin ruma. Na tare naziri na faɗa masa, ya ce bukra in sha Allahu, wato sai gobe. Na sake tare shi, ya ce mai gyaran ya yi tafiya. Wallahi na ji bukra a bakin mutumin nan har na tsani kalmar. Ran da na biyo shi har bakin motarsa ina ɗaga murya, sai ya juyo ya tambaye ni nawa nake biya a gidan da zan riƙa yi masa tsawa. Ya ce wanda aka ba kyauta godiya ce tasa, kuma in ji tsoron Allah, Madina ba garin da ake ƙorafi ba ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, maganar nan tasa ta shiga matan gidan. Dukanmu mun taso muna jin falalar wanda ya yi haƙuri da wahalar Madina, da zafinta da talaucinta. To sai suka haɗa yoyon tanki cikin wahalar Madina. In na buɗe baki sai a ce in yi istigfari, mutane nawa ne ke kwana a titi suna fatan irin wannan ɗaki. Na ce musu haba jama'a, zafin rana na Allah ne, mun ɗauka, amma tankin nan Allah ne ya ɗora shi ko mutum? Sai su kau da kai su ja carbi. Ita kanta Inna cewa take in bar kaza cikin gashinta, ta ga abin da ya fi yoyo a hanyar Sudan.

Ni kuwa da na ga azara ɗaya ta fara lanƙwasa, na kasa barci mai daɗi. Na roƙi wani abokin karatun mijina ya raka ni ofishin da ke sa ido a kan gidajen wakafi. Kai, na ga ikon Allah! Wannan ya ce ba nan ba ne, wakafin iyali ne, sai kotu. Can kuma aka ce ai maganar gini ce, mu koma inda muka fito. Wani ya ce mace mai zaman alfarma ba ita ce mai kawo ƙara ba, naziri ne zai zo ya faɗi abin da gidan ke buƙata. Na ce wato mai laifin shi zai kawo ƙarar kansa? Malamin da ya raka ni yana ta taka mini burki, yana fassara rabin maganata yana haɗiye rabi. Muka yi ta sintiri har takalmina ya tsinke. Daga ƙarshe wani dattijo ya tausaya, ya ce za a turo mufattishi, mai bincike, ya gani da idonsa.

Ban san ta inda labari ya isa kunnen naziri ba, amma ya riga mufattishi zuwa. Ranar ya shigo da sallama har da kwandon dabino, ya tara mu a tsakar gida, har Hausa ya yi mana, abin da ban taɓa ji ba. Ya ce shi ba ya tsoron bincike, mu yake tausayi. In hukuma ta ga ɓaraka a gidan, ba gyara za ta yi ba, rufe shi za ta yi, dama ana ta rushe tsofaffin unguwannin kusa da Harami. Mai dangi a miƙa ta ga danginta, wadda takardar zamanta ta mutu kuwa a sa ta jirgi. Yana faɗin mai dangi ya dubi Inna. Na ga ta sunkuyar da kai tana jan carbi, amma don wautata ban gane abin da zai biyo baya ba. Na ɗauka in mai bincike ya zo, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Ranar da mufattishi ya zo, ni na shige gaba ina jan sa zuwa ɗakin Inna, naziri na biye. Ina ɗaga labule na tsaya cak. Matan gidan sun sami sababbin zannuwa sun ɗinke su wuri ɗaya, sun kafe a saman ɗakin daga bango zuwa bango, kamar ɗakin amarya. An share ƙasar da ta zubo, an turara ɗakin da turaren wuta har warin ruma ya ɓace, ga gahawa ga dabino a faranti. Mutumin ya zauna ya tambayi Inna ko akwai abin da ke damunta. Ta ce alhamdu lillahi, tana cikin ni'ima, naziri ɗa ne na gari. Ya tambayi sauran, kowacce alhamdu lillahi. Raina ya ɓaci, na miƙa hannu zan fizge zanin. Sai Inna ta cafke wuyan hannuna, ta yi ƙasa da murya ta roƙe ni da Hausa, don darajar wanda muke maƙwabtaka da shi, kada in fitar da ita daga Madina. Idonta cike da ƙwalla. Na sauke hannuna. Mufattishi ya shanye gahawarsa, ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya yi mana nasiha a kan godiya, ya fita.

Daga ranar na zama abar nuni a gidan, mai son tona asirin mutane. Na yi fushi na ce ba ruwana, kowa tasa ta fisshe shi. Zanin ma ba a cire shi ba, ya zauna yana tare ƙasar da ke zubowa har ya yi ciki. Ba a yi wata nawa ba, wata rana da hantsi ina shanya, na ji ƙara kamar an fasa dutse. Rufin ya rufto, tanki da ruwa da azara duk a kan gadon Inna. Da hannu muka tone ta. Tana da rai, amma ƙugunta ya karye. Ta yi jinya a asibiti, aka sallame ta ba ta iya ko juyawa, ga ɗaki babu. Na ce zan riƙe ta a nawa, jikanta ya ce sam, ya gaji da jin magana, ba zai bar kakarsa a gidan da ke kashe mutane ba. Ban ga laifinsa ba. Ana sa ta a mota tana kuka tana riƙe ƙofa, tana roƙon a ajiye ta ko a bakin Harami ne. Ba ta daɗe ba a Yanbu, can ta rasu, can aka binne ta.

Naziri kuwa ya zo ya yi mana jaje, ya ce ƙaddara ce. Ya sa aka kwashe ɓaraguzai, aka yi sabon rufi na siminti cikin 'yan kwanaki, aikin da ya shekara yana ce mana bukra. Da Hajji ya zagayo, alhazai ya ba hayar ɗakin. Ba a rufe gidan ba, ba a kori kowa ba, ba wanda ya tambaye shi komai, tunda a wurin hukuma mu da bakinmu muka ce lafiya lau. Ni ce ma na kasa zama. Kullum na wuce ƙofar ɗakin sai zuciyata ta tafasa, har na haƙura na dawo gida, ni da na rantse ba zan bar Madina ba.

Yau na tsufa, amma takaicin nan bai tsufa ba. Na yarda ajali da makwanci na Allah ne, sai dai ƙaddara ba ta wanke mai sakaci, kuma ba ta wanke ni da na sauke hannuna. Da na fizge zanin, Inna za ta yi fushi da ni, wataƙila har ta daina yi mini magana, kuma da na ɗauki wannan da murna. Ina kira ga duk mai zaune a gidan alfarma, na wakafi ne ko na gwamnati: wanda aka ɗora a kan gidan amana aka ba shi, ba daga aljihunsa yake yi muku kyauta ba, kuma neman gyara ba butulci ba ne. Ku haɗa baki tun kafin mai bincike ya zo, kada a raba ku da tsoro, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu binciken kuma, don Allah ku riƙa ɗaga kai ku duba sama, ku tambayi talaka ba a gaban wanda yake tsoro ba. Inna ta taka daga ƙasar Hausa har Madina da ƙafarta don ta kwanta a Baƙi'a, muka rufa wa mutum ɗaya asiri, aka fitar da ita a bayan mota.