Mai Zubar da Ruwan Rini

A ƙarshen ɗakin taron masana'antar rini wani dattijo na tsaye, hularsa a hannu, faratansa sun yi shuɗin da sabulu ya gaji ya ƙyale. Da gani, a aikin nan ya tsufa. Wata jami'ar kula da muhalli tana bayyana sabon tsari: daga yau sai an tace ruwan rini kafin a zubar, domin guba ne.

Kowa na tafi, ban da shi.

"'Yata, shekara ashirin ina juye shi a rafin baya. Ba wanda ya ce mini guba ne."

"Ba laifinka ba ne, Baba."

Ya gyaɗa kai, yana murza faratansa.

"A rafin nan jikata ta koyi iyo," ya ce ƙasa-ƙasa. "Allah ya jiƙanta."