Ragon da Malama Habsatou Ta Hana Shiga Jirgi

Ƙarfe bakwai na safe Malama Habsatou Jabir take saukowa daga ɗan ɗakin da take haya a unguwar Dengfeng ta birnin Guangzhou na China, jakar kwamfuta a kafaɗa, hijabi ruwan toka har gwiwa. Takan tsaya wurin tsohuwar bakin layi ta sayi ruwan waken suya mai ɗumi, su gaisa da nihao, wato sannu da Sinanci, ta gangara tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Takwas da rabi tana kan teburinta a sashen lafiyar al'umma na jami'ar da take wa aiki. Daga nan sai kallon ƙwallo.

E, ƙwallo na ce. Shekara tara baiwar Allahn nan 'yar Maradi tana kallon ƙwallo, kuma da za ka tsare ta ka tambaye ta wa ya ci wasan jiya, sai dai ta ba ka haƙuri. Ba ta buɗe muryar wasan, ba ta bin 'yan wasa da ido. Gefen fili take kallo, da ƙirjin riguna, da allon da ake kafa wa koci a baya in zai yi hira. Duk inda tallan barasa ya gifta sai ta tsayar da hoton, ta rubuta minti, ta rubuta tambari, ta ci gaba. Aikinta ke nan a ƙungiyar masu binciken yadda kamfanonin giya suke bi ta wasanni su shiga idon yara. Da rana kuma ta koma ɗakin karatu, ta kutsa rumbunan bayanai, tana tono abin da masana suka rubuta a kan haka tun kafin a haife ta.

Ranar Asabar ta ɗalibai ce. A teburin ƙuryar gidan abincin Saifullahi take zama, 'yan Kano da 'yan Damagaram da ke karatu a jami'o'in garin su kewaye ta da kundayensu. Ita ta koya wa da yawansu cewa injin bincike ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, abin da aka fi saye shi yake fara nuna maka. Ita ta koya musu tace kalmomi, da duba shekarar da aka yi rubutu, da tambayar wa ya ɗauki nauyin binciken. Tana da doka guda da ba ta taɓa karyawa ba: ba ta faɗin abu sai ta same shi a wuri uku da ba su kwafi juna ba.

Mu 'yan kasuwa da 'yan rakiyarsu ba haka muka ɗauke ta ba, gara in faɗi gaskiya. Wani ya taɓa leƙa kwamfutarta ya ga kwalabe jere, shi ke nan labari ya zaga Dengfeng. Aka sa mata suna Hajiyar Kwalba. Wanda ya raɗa sunan kuwa Alhaji Babayo ne, dillalin kayan sawa da ya shekara goma sha biyar yana lodi daga kasuwar Shahe ta nan Guangzhou zuwa Kantin Kwari, mutum mai hannun kyauta da baki mai kaifi. Shi da kansa ya ce in rubuta sunansa a nan, kada in sakaya. Malama ta san da sunan da aka sa mata. Ba ta taɓa tankawa ba.

Sai ga bara. Makarantun Islamiyya goma sha shida na Ɗorayi a Kano suka shirya wa yaransu gasar ƙwallo, za a buga bayan Babbar Sallah. Malaman suka yi ta ja da baya a kan lamarin, da ƙyar iyaye suka shawo kansu, sai da Alhaji Babayo ya tsaya a gaban masallacin unguwa ya ce shi ya ɗauki nauyin jesi, kuma ya yi alkawarin ba abin da zai shiga gasar nan da zai sa malami ya sunkuyar da kai. A kan maganarsa aka amince.

Da ya dawo Guangzhou ya shiga Shahe neman samfuri. A wani shago a hawa na uku ya ga wata jesi shuɗiya, a ƙirjinta kan rago ne ruwan zinare, ƙaho a murɗe, ba rubutu ko harafi ɗaya. Ya ce yana ganinta ya ji kamar don shi aka ɗinka. Gasar Babbar Sallah, ga rago, me ya rage? Nan take ya ba laoban, wato mai shagon, odar guda ɗari huɗu da tamanin, kala goma sha shida, kowace da ragonta.

Ranar wata Alhamis da azahar ya shigo gidan abincin Saifullahi da guda ɗaya a hannu yana ɗagawa kowa ya gani. An gama ɗinki, an ɗaure kwalaye, suna sito. Asabar da rana mota za ta kwashe su zuwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu, kuma kwantenar nan ita ce ta ƙarshe da za ta iya isa kafin Sallah. Ana ta sa albarka. Malama Habsatou tana ƙurya da farantin shinkafarta, ta shigo cin abinci ne kawai. Saifullahi ya ce ya ga ta ajiye cokali.

«Alhaji, ina kas samo wagga riga?»

Ya ce a Shahe, ko Hajiyar Kwalba ma tana son guda? Aka yi dariya. Ta roƙi ya bari ta ɗauki hoton tambarin. A gabansa ta sa hoton a injin bincike, sai ga shaguna rututu masu sayar da irin rigar, ba abin da ya wuce haka. Ta gwada na 'yan China, shi ma masana'antu ya jero mata. Alhaji Babayo ya leƙa wayar ya ce to an gani, rago dai rago ne. Ba ta yi musu ba. Ta ce kawai ya taimaka kada a taɓa kwalayen nan sai ta neme shi gobe da safe, tana da wani zargi amma ba ta da hujja tukuna. Ya ce zargi ba ya tsayar da kwantena.

Ke ce kika haɗiye wannan dariyar, Malama. Kina da abin faɗa a bakinki, kin san kin taɓa ganin ragon nan, da kin faɗa a take da kin rama shekara da shekaru na Hajiyar Kwalba a gaban mutane. Amma tunawa ba hujja ba ce a wurinki, ko da taki ce. Kika bar shinkafarki kika koma ɗakin karatu.

Abin da ta yi daga nan ɗalibanta sun sha ba da labarinsa. Ta bar injinan bincike ta shiga rumbun da ake rajistar tamburan kamfanoni, inda ba a neman abu da suna kaɗai, ana iya nema da siffa. Ta zaɓi dabbobi masu ƙaho. Dubbai suka fito. Ta tace zuwa rukunin abin sha, suka dawo ɗari biyu da 'yan kai, raguna da bunsuraye da bijimai. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gwada murɗin ƙaho. A shafi na tara ta same shi. Abin da ke ƙarƙashin haɓar ragon, wanda Alhaji ya ɗauka gemu ne, zangarniyar sha'ir ce. Tambarin wani kamfanin giya ne na Turai, an yi masa rajista shekara da shekaru.

Wuri ɗaya ke nan. Washegari da aka buɗe ɗakin karatu ta shiga rumbun mujallun masana, ta haɗa kalmomi uku: barasa, wasanni, talla ba suna. Ta samo binciken da ya bayyana dabarar. A ƙasashen da doka ta hana rubuta sunan giya a filin wasa, kamfani sai ya cire sunan ya bar kalarsa da tambarinsa, mai kallo ya ƙarasa da kansa. Ga hoton ragon a ciki a matsayin misali. Wuri na biyu. Na uku kuwa a kundinta yake, na wasannin da ta ƙirga da hannunta: wani wasa shekara huɗu baya, minti na sittin da uku, ragon yana zagaya allon gefen fili.

Ƙarfe goma na safiyar Juma'a ta same shi a sito yana sa wa kwalaye lamba. Ta shimfiɗa masa takardu uku a kan kwali. Ya duba ta farko, ya duba ta biyu, ya cire hula ya mayar. Sannan ya fara neman hanyar zillewa, kamar yadda kowannenmu zai yi. Ya ce wa ya san wannan kamfani a Ɗorayi? Ba rubutu, ba kwalba, malamai za su ga ragon layya ne kawai, yara su buga ƙwallonsu a tashi lafiya.

«Malamai ba su sani ba, Alhaji, amma yaran suna zuwa gidan kallon ƙwallo. Wani cikinsu ya taɓa ganinsa. Kuma ko ba wanda ya gane, abin da kamfanin yake so ke nan, yaro ya saba da ragon, ya so shi, tun kafin ya san akwai kwalba. Kai ka yi musu dakonsa har ƙirjin ɗalibin Islamiyya, kyauta.»

Alhaji ya sake duban takardun. Daga baya ya gaya mana abin da ya gani a zuciyarsa a lokacin: hoton yara ɗari huɗu da tamanin a waya yana yawo daga rukunin iyaye zuwa na malamai, an zagaye ragon da jan layi, an ajiye kwalbar a gefe, a ƙasa an rubuta sunan wanda ya tsaya gaban masallaci ya yi alkawari. Ba gasar kaɗai za ta mutu ba.

Ya kira laoban a waya ya ce a sake ɗinki. Laoban ya ce meyo, babu, ba lokaci, sati biyu ko ba komai. Alhaji ya zauna a kan kwali ya ce shi ke nan, yara za su buga da singileti, shi kuma zai san abin da zai gaya wa mutane. Malama Habsatou ta ɗauki riga ɗaya ta juya cikinta, ta shafa, ta ce ragon ba saƙa shi aka yi ba, manna shi aka yi da zafi, abin da aka manna kuwa ana ɗaye shi. Ta buɗe waya ta rubuta da Sinanci. Minti goma ta samo wani ɗan shago a lungun bayan Shahe mai injin cire irin wannan tambari da buga sabo. Ta kira, suka ce in akwai hannuwan da za su kwance su ninke, za su iya.

Hannuwa kuwa an samu. Ana idar da sallar Juma'a ta tura saƙo ɗaya, aka kwaso kwalayen daga sito, ɗalibai goma sha ɗaya suka bayyana a shagon na Shahe, duk waɗanda ta taɓa zama da su a kan kundayensu. Saifullahi ya aiko da tuwo a kula. Ana ɗaye rago ana manna hoton farar ƙwallo da sunan gasar, Alhaji Babayo da babbar rigarsa yana ninki kamar sabon yaron shago, yana ta yi wa masu injin shishe, shishe, wato na gode. Suka tashi da magariba, suka dawo da sassafe. Sha ɗaya da rabi na Asabar aka ɗaure kwali na ƙarshe. Sha biyu da kwata mota ta ɗaga zuwa Huangpu. Da ta sha kwana, Alhaji ya zauna a bakin titi ya yi ta hamdala.

Asabar ta gaba ya shigo gidan abincin, ɗalibai suna kewaye da ita. Ya tsaya a tsakiya ya ce shi ya sa mata sunan nan, kuma shi yake janye shi, duk wanda ya sake faɗa da shi yake yi. Ya nemi ta yafe masa. Ta ce ta yafe tun tuni, ya ja kujera in yana son a koya masa bincike, akwai wuri.

Bayan Sallah aka turo masa bidiyon wasan ƙarshe daga Ɗorayi, ya miƙa mata waya. Ta karɓa, ta rufe murya kamar kullum, ta zaro biro da takarda ba tare da ta lura ba. Muna kallonta tana bin gefen fili, tana bin ƙirjin yara. Aka tafi hutun rabin lokaci, takardar fara fat. Ta dubi takardar, ta yi murmushi, ta ajiye biron. Sannan ta buɗe murya, ihun yara ya cika gidan abincin, ta juyo ta ce: «Alhaji, su wa ke cin wasan ne?»

Ƙarshen watan nan kwantiraginta yake ƙarewa, za ta koma gida ta koyar. Ba za a yi mata taro a babban ɗaki ba, sunanta a takardun binciken ma can tsakiya yake cikin jerin sunaye. Shi ya sa na rubuta wannan.

Malama Habsatou, mai ido a gefen fili, mun gode. Ke ce kika tsare sunan mutumin da ya ɓata naki, kika tsare ƙirjin yara ɗari huɗu da tamanin da ba su san da ke ba. Allah ya saka da alheri, ya kai ki Maradi lafiya, ya ba ki ɗalibai masu haƙuri irin naki. Mu kuma da muka rage, masu lodi da masu karatu, teburin ƙurya yana nan a gidan Saifullahi, ɗalibanta sun ce ba za su bari ya mutu ba. Kafin ka buga tambari a rigar ɗan wani, kafin ka tura labari, kafin ka sa wa mutum suna, ka nemo wuri na biyu da na uku, kamar yadda ta koya mana.