Mariƙin Jirgi

Mu biyu muke haɗa ƙananan jirage a gidanmu na Ƙaraye, ni da yayana, irin waɗanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Mutanen unguwa jiragen wasa suke ce musu, mu kuwa ba mu taɓa ɗaukar abin wasa ba. Yaya mai gyaran rediyo ne, shagonsa na bakin kasuwa. Ni malamin gona ne, aikina a Rogo yake, sai Juma'a da yamma nake dawowa gida. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu ina firamare, shi ya tsaya mini har na gama karatu. Ko ranar ɗaurin aurena da aka nemi uban ango, shi aka nuna aka ce ga mariƙinsa nan.

Inji da farfela da rimot a waya muke odarsu, a aiko Kano mu je tasha mu karɓo. Sauran duk na gida ne. Fukafukai da farin fom ɗin nan da ake tallafe firji da shi a cikin kwali muke yi, gangar jikin kuma da siririn filawud da gwangwalar da muke ferewa. Gangar jikin nan ita ce wahalar. Gefe biyu ne, dama da hagu, a jera 'yan alluna a tsakaninsu, sannan a lanƙwaso su su haɗe a wajen jela. Gam kuma ba ya kamawa nan take. Dole wani ya riƙe, ya matse daidai wa daida, kada ya motsa har gam ya sha iska. In hannu ɗaya ya ɗara ɗaya ƙarfi ko kaɗan ne, jirgi zai fito a karkace kamar ayaba, in aka tashe shi ya yi ta kewaya wuri ɗaya har ya faɗo.

Ni dai ban iya riƙo ba, gaskiya ɗaya ce. Da na kama, hancina zai fara ƙaiƙayi, ko wani ɗan banzan ƙuda ya bar duk faɗin tsakar gida ya zo ya sauka a kunnena. Yaya kuwa zai zauna a tabarma ya miƙe ƙafa, ya tallafi jirgi da tafukansa biyu, rediyo na gefe yana ta zuba labarai, ba zai ko gyara zama ba har a kira la'asar. Haka muka raba aikin: ni yanka da shafa gam, shi riƙo.

Wata damina ina Falgore wajen duba gonakin gyaɗa matarsa ta kira ni a waya. Ya faɗi a shago, hawan jini ne. Allah ya tashi kafaɗunsa, bakinsa ya dawo, ƙafar hagu tana jan kanta in ya dogara sanda. Hannun hagu kuwa ya kwanta, har yau bai tashi ba.

Hannun bai dame ni ba kamar zaman da Yaya ya shiga yi. Ya rufe shago, ya kashe rediyo, ya koma ɗaki ya juya wa ƙofa baya. 'Yan dubiya su zo su jero gaisuwa, ya amsa da ka. Abin da ya fi ci mini rai, ko sau ɗaya bai yarda na kama shi ba. In zai miƙe na kai hannu, sai ya ture ni da kafaɗa ya ce, "Bari, Auta." Matarsa kaɗai ke taɓa shi. Mutumin da ya goya ni a wuya zuwa masallacin Idi, yau ni ne ba zan riƙe masa hannu ya tsallake dokin ƙofa ba. Raina ya ɓaci, na kuma ji tsoro ƙwarai, tsoron kada mu rasa shi alhali yana zaune a gabanmu yana numfashi.

Sai na ce a raina jirgi ne kaɗai zai fito da shi daga ɗakin nan. Na fara haɗa wani ni kaɗai a ɗakin da nake haya a Rogo. Na tokare da bulo, na danne da buta, na matse tsakanin gwiwoyi, duk a banza. Ɗaya ya fito ya kalli gabas, na biyu ya kalli yamma, na ukun don haushi na maka shi da bango. Ana nan na ga wani bidiyo a waya, wani dattijo a wata ƙasa yana haɗa jirgi a kan shimfiɗaɗɗen allo mai layi a tsakiya, da 'yan ginshiƙai a jere dama da hagu, ana turo su su matse gangar jikin a ɗaure su da noti. Babu hannun kowa a kai, allon ne ke riƙo. Na kalla na sake kalla har cajin wayar ya ƙare.

Abin ba shi da suna a Hausa, don haka da na je wurin kafinta a kasuwar Rogo, bayan mun gaisa sai na ce mariƙi nake so ya yi mini.

"Na ƙofa ko na durowa?" in ji shi, ya jawo wani gwangwani cike da hannayen ƙofa.

Sai da na tsuguna na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya yi aiki mai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma kafin Juma'a ta zagayo allon ya murɗe, kusurwa ɗaya ta ɗaga sama har kyankyaso na wucewa ta ƙarƙashi. Na koma da faɗana. Ya bar ni na gama, sannan ya ce duk katakon da ke shigowa kasuwar nan ɗanye ne, shi ma ba shi da yadda zai yi, sai dai in nemi tsoho wanda ya gama motsinsa.

Na dawo Ƙaraye ina ta mita. Matar Yaya tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ni da ita abokan wasa ne, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, kuma tun ina ɗan makaranta take zuba mini tuwo, don haka ta san ni ciki da bai.

"Malamin gona, wa ya taɓa mana kai kake ta huci kamar kububuwa?"

Na zayyana mata komai, har da dalilin da ya sa nake son abin. Ta ci gaba da ɓararta ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Wane irin katako ka ce?"

"Tsoho, Anti. Shimfiɗaɗɗe, mai tsawo, wanda ba zai lanƙwashe ba."

Washegari da hantsi na ji ƙarar kankara daga ɗakinta. Na yi sallama na leƙa, sai na gan ta a tsaye kan kujera 'yar tsugunno, da wuƙar yanka albasa a hannu, tana kwance kusoshin murfin sif ɗinta.

Sif ɗin nan mahaifinta ne ya sa aka yi mata lokacin aurenta, kuma ya daɗe da rasuwa. A duk kayan ɗakinta shi kaɗai ya rage, sauran sun bi hidimar yara da asibiti. Kullum sai ta goge shi, yaro ya kuskura ya jingina da shi kuwa ranar zai sha ranƙwashi. Na ce mata wallahi ba zan karɓa ba. Na ce in mata suka shigo dubiya suka ga sif a wangale, me za ta ce musu?

"In ce ƙanin miji ne ya cinye," in ji ta. "Kama mini nan kada ya faɗo mini a ƙafa, sarkin surutu."

Na kama. Murfin ya sauko da nauyinsa, sumul, na ɗora ido a gefensa na duba tun daga sama har ƙasa, babu inda ya kauce. Ta ɗauko wani zani ta rataya a gurbin, ta koma kan girkinta.

Mai walda ya yanka mini 'yan ƙarafa masu kusurwa, na naɗe su da robar tayar babur don kada su ci filawud. Layin tsakiya da igiyar magina na fitar da shi, na tsoma ta a bula na ja na saki. Da aka zo huda murfin sai hannuna ya ƙi, na tsaya ina ta juya abin hudar. Tana daga bakin murhu ta ce, "Huda mana, ko sai na zo na yi maka?" Na huda.

Da na gama na ɗauka niƙi-niƙi na shiga wurin Yaya, bakina har kunne. Na ajiye a gabansa na ce, "Yaya, an huta. Na samo mana mariƙi. Yanzu ko babu kowa, shi zai riƙe jirgi har gam ya bushe."

Ya dubi allon, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya dubi hannunsa da ke kwance a cinya.

"Madalla," ya ce. "Ka samu wani mariƙin ke nan. Allah ya sa ya fi na da."

Ya juya fuskarsa bango. Na tsaya kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ni sunan katako na faɗa, shi kuwa sunansa ya ji an ɗauke an ba katako. Na sunkuci allon na fito tsakar gida, idona ya rufe, ina neman taɓarya in farfasa shi kowa ya huta. Anti ta sha gabana.

"Kul. Murfina ne, ba na gidanku ba. Ajiye shi." Na ajiye. Ta ce, "Kai dai Allah ya ba ka hannu ya hana ka baki. Tafi Rogo wurin gyaɗarka, ka bar ni da yayanka."

Abin da ya faru bayan tafiyata ita ta ba ni labari. Ta shigar da allon ɗakinsa, ta kwaso gefuna da 'yan allunan da na riga na yanka, ta zauna dab da shi ta fara haɗawa. Ta sa na gaba a baya, ta kifa gefe ɗaya, ta lafta gam kamar mai shafa man shanu a tuwo. Na tambaye ta ko da gangan ta yi, ta ce ita ma ba ta sani ba, don ko ta so yin daidai ba ta iya ba. Ranar farko ya daure, yana satar kallo yana kau da kai. Kashegari da ta ɗauko allon jela za ta manna a hanci, sai ya ce, "Ba nan ba ne."

Ta ce, "To Malam, ni ina na sani? An huda mini murfi, ai ba na bari ya tafi a banza ba."

Ya ce ta matso da shi. Ta matso da shi, ta tashi ta ba shi wuri.

Juma'ar da na dawo, tun daga zaure na jiyo warin gam da muryar rediyo. Na tarar da shi a sunkuye, gangar jirgi na tsaye cak a tsakanin ƙarafan, yana ɗaure noti da yatsun hannun dama, ya rufe ido ɗaya yana auna layi. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, bai ɗago ba, ya ce, "Layinka ya kauce a wajen jela, Auta. Kullum cikin gaggawa kake. Na gyara."

Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na fita na sami Anti a bakin murhu, na buɗe baki zan yi godiya. Ta dube ni ta ce in ba kuka zan yi ba in miƙo mata ludayi. Har gobe ina gode wa matar nan, kuma na san ban biya ta ba. Na sha cewa zan sa a yi mata sabon murfi, takan ce a bar mata zaninta, ta saba da shi.

Bayan an cire gyaɗa muka gama jirgin. Wata safiya wani maƙwabcinmu ya ɗauke mu a a-daidaita-sahunsa zuwa wani fako da ke hanyar Tudun Kaya, inda muka saba tashi. Da za mu fita Anti ta ce ita ba ruwanta da jirgi, mu dai dawo mata da mijinta lafiya.

Na ajiye jirgin a kan tayoyinsa ya fuskanci iska. Rimot ɗin 'yan sanduna biyu gare shi, na hagu na ba inji wuta, na dama na tuƙi. Na ɗauka ni zan tuƙa shi ya kalla, har na kai hannu, sai ya ce in rataya masa a wuya. Na rataya masa. Ya tsaya, rimot na lilo a ƙirjinsa, hannunsa mai lafiya na kan sandar da yake dogarawa. Ya dubi rimot, ya dubi sandar. Hannu ɗaya ne, ba zai yi aiki biyu ba. Ni dai na yi shiru, don na koyi darasi a kan bakina.

Sai ya saki sandar ta faɗi ƙasa.

"Auta," ya ce, "zo ka riƙe ni."

Na zagaya bayansa, na zura hannun dama na rungume ƙugunsa, na miƙa na hagu ta ƙarƙashin hannunsa da ya kwanta na kama sandar wuta. Ya jingino da dukkan nauyinsa a ƙirjina. Ashe haka ya rame, ina jin haƙarƙarinsa ta cikin riga. Ya ce in ba shi wuta a hankali. Jirgin ya gungura a kan fako, ya ɗaga hanci, ya tashi ya miƙe sak, ko kaɗan bai karkata ba.

"Kada ka motsa," in ji Yaya.

Hawaye suka cika mini ido har na daina ganin jirgin, ba ni kuma da hannun sharewa. Ƙuda ya zo ya sauka a kunnena, ya yi yawonsa ya gaji ya tashi. Ban motsa ba.