Ƙafar Kakana da Tawa

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Jinya na yi, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Abin ya fara da ɗan ƙurji a yatsan ƙafata ta dama, ƙafar da nake tuƙa tasi da ita a unguwar Hindawiyya, nan Makka. Ya ƙi warkewa, ya fara wari.

Kafin nan, a shafin nan na ɗora hoton kakana, Malam Idi, cikin kakin soja a yaƙin Bama, tare da wani soja Bayahude da yake kira Dauda. Na rubuta abin da Kaka ya sha gaya mana: harsashi ya fasa masa ƙafa, rundunarsu ta ja da baya, Dauda ya koma cikin ruwan wuta ya saɓo shi. An harbe shi a hannu, bai ajiye Kaka ba.

Laifina ke nan.

Da ƙafa ta kumbura, Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, ta zo da man habbatus sauda. Da na ambaci asibiti, ta ce, "Ya waladi, wane mustashfa? Ka yabi Bayahude a Makka! Goge hoton nan, kalas, kumburin zai sace."

Wasunku ma haka kuka rubuto mini. Ko mutum ɗaya bai ce in auna suga ba.

Matata ce ta ja ni asibiti da ƙarfin tsiya. Gwajin jini, hoton ƙashi, ƙarin ruwa, wankin ciwo kullum ina cije matashi. Ɗan abin da na tara ya tafi a magani. Likita ya ce, "Ciwon suga ne, ya daɗe yana cinka. Wataƙila mu yanke daga gwiwa."

Wallahi na yi kuka. Direba ba ƙafa, me yarana za su ci?

Yatsu biyu aka cire, ƙafa ta tsira. Yanzu ina takawa da sanda.

Gwaggo ta zo dubiya, ta sake tayar da maganar hoto. Na ce, "Gwaggo, da wace ƙafa mahaifinki ya tako daga Kano, ta Sudan, har Makka?" 

Alhamdu lillahi. Na gode wa matata da ma'aikatan jinya, Allah Ya saka musu. Ku kuma, ku auna suga. Ciwo a ƙafa in ya ƙi rufewa, ku tafi asibiti ran nan, kada ku tsaya jin fassarar dangi.

Hoton yana nan inda na sa shi. Duk zuriyarmu a Makka, a kafaɗar mutumin nan muka fito daga dajin Bama.