Wuƙaƙen Gidan Kumandan

Zamanin Faransa ni ke goge wuƙaƙen gidan kumandan a Gaya, irin farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Na daɗe kafin na gano dabarar: lallausan yashin kogi, sannan tokar ƙaiƙayin shinkafa a kan fata, har mutum ya ga fuskarsa a jikin wuƙa.

Aminina ya roƙe ni in koya masa, ban ɓoye masa komai ba. Sai kukun gidan ya daina kawo min wuƙaƙen. Da na tare shi a kasuwa ya ce, "Abokinka ya gaya wa madam yashinka na cinye bakin wuƙa. Shi aka ba aikin."

Washegari aminin nan ya gaishe ni da fara'a. Na amsa, amma ban ƙara zama inda yake ba.